Daga Malfar Jaji Zuwa Littafin Haya: Rabon Mata a Tarihin Littattafan Hausa

 Barkanmu da sake ganin zagayowar ranar da anka kafa wagga ƙungiya tamu. Allah ya maimaita mana cikin lafiya da kwanciyar hankali.

Sauran shafuka sun yi maganar adashi, rance da riba. Wanga shafi na tarihi ne, kuma abin da munka zaɓa bana shi ne littattafan labari, waɗanda malamai ke kira ƙagaggun labarai, 'yan mata kuma ke ce wa littafin Hausa kawai. Dalili kuwa, da wuya ka samu gidan da ba a taɓa gardama kansu ba. Wata uwa in ta ga littafi hannun ɗiyarta sai ta fisge ta cusa murhu, ta ce lalacewa ce. Wata kuwa ita ce ke aiken yaro ya karɓo mata na biyu da na uku wurin mai haya. Kafin a yanke hukunci ya kamata a san asalin abin: wa ya fara, yaushe mata sunka shiga, kuma ina rabonmu mu matan Sabon Birni da Isa. Wanda ya bi tarihin zai ga abu guda na ta maimaituwa. Duk lokacin da mata sunka haɗa kai kan karatu, maganarsu takan shiga takarda ta daɗe. Lokacin da sunka saki kuwa, sai wasu su ba da labarinsu da bakin da ba nasu ba.

Tun kafin boko

Ba Turawa sunka kawo mana labari ba. Makarantar farko ta ɗan Gobir ita ce tabarmar kakarsa bayan an ci tuwon dare, inda ake jin Gizo da Ƙoƙi, da kura mai kwaɗayi, da marainiyar da kishiyar uwa ta tura rafi mai dodo. Tatsuniya aikin mata ce tun fil azal. In kun lura, mutanen cikinta su ne dai mutanen littattafan yau: muguwar kishiya, sarki azzalumi, talaka mai wayo, yarinyar da ta ƙi mijin da anka zaɓa mata.

A fada kuma akwai makaɗa. Ba sai mun je nesa ba, Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, namu ne. Yau ana nazarin Bakandamiyarsa a jami'o'i, ana samun digiri da ita. Abin da ya tsare ta shi ne an naɗi muryarsa, daga baya kuma an rubuta baitocin. Makaɗan da sunka yi wa Bawa Jan Gwarzo waƙa a Alƙalawa fa? Ba don ba su iya ba, amma ɗan kirari ne kaɗai ya iso gare mu, sauran ya bi su kushewa.

A zaurukan malamai akwai littattafan da sunka ƙetaro hamada. Ishiriniyar da muke rerawa lokacin Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Andalus. Alburda ta Busiri ce, mutumin Masar. Duka biyun tun ƙarni na 13 ake karanta su. Akwai kuma Muƙamar Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, labarai hamsin ne na wani tsoho mai zaƙin baki da ake kira Abu Zaidi, yana yawo gari gari yana cin kuɗin mutane da dabara. Ƙagaggen labari ne tsantsa, kuma da shi manyan malamanmu ke goge Larabcinsu. Saboda haka mai cewa ƙaga labari baƙon abu ne ga Musulmin ƙasar Hausa, sai ya sake duba buhun littattafan kakansa.

Nana Asma'u da 'yan taru

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir anka haife shi, a Maratta, shekarar 1754, kuma a Ɗagel ya zauna yana karantarwa. Cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda anka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta maida wagga magana aiki. Ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa, kan addini, tarihi, magani da makoki. Rubuce-rubucenta da anka samu sun kai wajen sittin, kuma a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara su cikin littafi guda.

Abin da ya fi shafarmu shi ne hanyar da ta bi har karatu ya kai ƙauye. Ta san matan aure ba su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato ko Wurno. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta aza mata malfa da jan rawani. Jaji takan taho da 'yan mata da tsofaffi, su kawo sadakar hatsi, zuma ko zare, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma gida su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Su ne 'yan taru. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon su.

Masu bincike sun nuna cewa malfar nan ba daga sama Nana ta ɗauko ta ba. A sarautar Gobir akwai Inna, uwar ƙasa, shugabar mata, wadda ke da faɗa a ji a fada, kuma malfa na cikin alamun girmanta. Nana ta ɗauki tsarin da matan Gobir sunka riga sunka sani, ta zuba masa karatu. Kun ga ke nan, ƙungiyar karatun mata da ta fi kowace suna a tarihin ƙasar ga, da hannun matan Gobir a ginin ta.

Amma akwai wani darasi nan wurin, mai ɗan ɗaci. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu cikinta. An yi yaƙin Gawakuke a 1836, daga nan Gobirawa sunka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Duk mai son sanin waɗanga al'amurra, littattafan da zai buɗe su ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, da waƙoƙin Nana. Wato ɓangaren da ya riƙe alƙalami shi ya bar mana bayani dalla-dalla. Yau a cikinmu akwai jikokin waɗanda ke cikin ganuwa ranar da jikokin waɗanda ke wajenta, aure ya riga ya gauraya mu, ba tsohuwar gaba muke tonowa ba. Abin tambaya dai shi ne, matan da sunka fita Alƙalawa da goyo a baya da ƙwarya a kai, mi sunka gani, ina sunka kwana, wa sunka rasa a hanya? Babu wadda ta rubuta, babu wanda ya zauna ya rubuta daga bakinsu.

Gasar 1933

Littafin labari na boko ya samo asali ne daga wata gasa. Turawan mulki sun buɗe makarantu, yara sun iya haɗa baƙi, amma babu abin karantawa da Hausa. Sai wani jami'in ilimi, Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zagaya garuruwa a 1933 yana roƙon malamai su ƙaga labarai. Littattafai biyar sunka fito daga wagga gasa, kuma ko wane da irin nasa salo.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin yawon duniya ne da ban dariya: Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna yi wa juna ƙeta. Masana sun nuna akwai ƙanshin Muƙamar Hariri a cikinsa. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta shi. Ganɗoki na wansa, Bello Kagara, labarin jarumta ne, na mayaƙin da ya ƙi miƙa wuya ga Nasara. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo na ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin so ne da ramuwar gayya, inda mai kuɗi ya aure Zainabu ya bar saurayinta Abubakar da ƙuna a zuci. Shaihu Umar kuwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Labarin yaro ne da anka sace anka kai shi bauta ƙetaren hamada, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Duk uwar da anka taɓa ɗauke wa ɗa, in an karanta mata wanga littafi, ba ta buƙatar a yi mata fassara.

Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Aku ne ke ba ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Imam ya ɗebo labaran daga Dare Dubu da Ɗaya, da ƙasar Indiya, da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu riga da hular Hausa har ba mai cewa baƙi ne. A Janairun 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, shi ne editanta.

To, ku duba sunayen nan da kyau, babu mace ko guda. Akwai mata cikin labaran, suna kuka, ana aurensu, ana sace su, amma maza ne ke faɗin abin da ke zuciyarsu. Dalilin a fili yake. Kwalejin Katsina, inda Imam da Tafawa Ɓalewa sunka yi karatu, ta maza ce zalla. 'Yan taru na nan suna karatunsu na ajami cikin gidaje, amma injin buga littafi na boko ne, kuma ƙofar boko ba ta buɗe wa mata sosai ba.

Kowane tsuntsu da kukansa

Daga nan abin ya yaɗu. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 tare da gangamin Yaƙi da Jahilci, sannan anka kafa kamfanin NNPC na buga littattafai a 1966. Masu cewa littafin Hausa duk soyayya ce, ga kaɗan daga abin da anka buga.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumta ce, kuma asalin labarin daga ƙasar Rasha yake. Da'u Fataken Dare na Tanko Zango na 'yan fashi ne. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa sunka taka wata, kuma labarin yaro ne mai suna Kilba da anka ɗauka zuwa sararin samaniya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo gargaɗi ne ga samarin da ke barin gona su ruga birni. A fannin wasan kwaikwayo akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, kan tsabta, da Uwar Gulma na Muhammad Sada kan zaman aure da ya ƙi daɗi.

A gasar da Gwamnatin Tarayya ta shirya, wadda littattafanta sunka fito a 1982, marubuta sun taɓo abubuwan da mu mutanen bakin iyaka munka sani sarai. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya kawo labarin Mailoma, wanda ya tara miyagu da makamai bayan yaƙin basasa. A lokacin wasu sun ɗauka ƙarin gishiri ne irin na masu labari. Wanda ya karanta shi yau a Gatawa ko Kurawa ba zai ce haka ba.

Mata sun karɓi alƙalami

Sai a 1980 anka buga ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa, shekara 46 bayan fitowar su Ruwan Bagaja. Shi ne So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, haifaffiyar Kano da ta yi zamanta a Gusau, wadda a lokacin cikin Jihar Sakkwato take. Littafin ya zo na biyu a gasar kamfanin NNPC. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana da ta dage sai ta auri wanda take so ko da ba ƙabilarsu guda ba.

Abu uku sunka haɗu sannan ƙofar ta buɗe gaba ɗaya. Na farko, shirin UPE na 1976 ya kwashi 'yan mata da yawa zuwa firamare, bayan shekara goma sai ga dubban matan aure da sunka iya karatun Hausa suna zaune cikin gida. Na biyu, azuzuwan manya, musamman bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980. Na uku, tsadar da ta biyo bayan shirin SAP na 1986 ta karya manyan kamfanonin buga littafi. Da marubuta sunka ga babu mai buga musu, sai sunka koma yi da kansu. Mace ta rubuta labarinta cikin littafin makaranta, ta sayar da ɗan kunne ko ta ɗauki adashi, a kai wa mai ƙaramin inji a Kano, a raba labarin kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Daga kasuwannin Kano dillalai su ɗauko zuwa Gusau, Sakkwato, Shinkafi, har Maraɗi da Damagaram. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya. Wadda ba ta iya karatu ba ta saurari shirin Shafa Labari Shuni a Rediyon Kaduna, ko ƙanwar miji ta karanta mata tana tankaɗe. Mu da munka san yadda ake juya ɗan jari a sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wanga tsari ba baƙo ba ne gare mu.

Talatu Wada Ahmed na cikin na farko da littafinta Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Sai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda anka cire daga makaranta anka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatu da girmanta. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Na farkon cikin biyun nan labarin Rabi ne, uwar ɗiya tara, da mijinta Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta riƙe ɗiyanta da sayar da abinci. Na biyun labarin Abu ne, da anka fitar daga aji anka ba tsoho, ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya da danginta ke dogara da ita. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, da masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? Maza ma sun taka rawa, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Marubutan sun kafa ƙungiyoyi, kamar Raina Kama, daga baya mata sunka kafa nasu irin su Kallabi da Mace Mutum, suna duba wa juna rubutu, suna taimakon juna wajen bugawa.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Ba kowa ya yi murna ba. A shekarun 1990 malaman jami'a sun yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da za su daɗe. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sunka ce a'a, waɗanga littattafai sun sa mata da matasa karatu fiye da duk wani shirin gwamnati. A 2007 abin ya kai har anka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Gaskiya ɗaya ce, kowane ɓangare na da abin kamawa. Akwai littattafan da babu komi cikinsu sai lissafin leshi, motoci da gidan sama, suna sa yarinya ta raina gidan ubanta. Akwai na batsa, musamman yanzu da rubutu ya koma waya, ba mai tacewa. Uwar da ta damu da wanga ba ta yi laifi ba. Amma a cikin tarin nan ne anka fara faɗin abin da mata ke haɗiyewa shekara da shekaru: auren dole, saki ba dalili, cin dukiyar marayu, yoyon fitsari, zaluncin uwar miji da na kishiya. Ba a zubar da hatsi don akwai tsakuwa cikinsa, rairaya ake yi. Kuma uwar da ba ta iya karatu ba, ko ba ta taɓa sa an karanta mata ba, ina za ta gane tsakuwa daga tsaba? Ƙona littafi ba ya hana yarinya karatu, sai dai ya koya mata ɓoyo.

Ina namu labarin?

Misali biyu za su nuna abin da rubutu ke yi wa maganar mace. A 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta: yadda mahara ke kama mutane a gona, yadda ake fansar su, aurenta, ƙawayenta, zuwan Turawa. Baba ba ta iya rubutu ba, kuma ta rasu a 1951. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba ta Karo, har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. Na biyu, Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Labarinta na bakin tsofaffi ne kawai, sai da Abdoulaye Mamani ya maida shi littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim da shi a 1986, sannan duniya ta san ta.

Yanzu mu dawo gida. Shekarun nan ƙasarmu ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun zamanin kakanni. Ƙauyuka sun tashi, gonakin fadama sun zama abin tsoro, 'yan uwanmu da yawa sun ƙetara zuwa yankin Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Makarantu da dama sun rufe, kuma kowa ya san in makaranta ta rufe ɗiya mace ce ke fara zama gida, ita ce kuma ba ta komawa. A watan Satumba na 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumominmu, munka zauna ba mai jin ɗuriyarmu. Duniya ta san Sabon Birni da Isa ta bakin 'yan jarida: an kashe kaza, an sace kaza. Lissafi ne, kuma lissafi ba ya faɗin yadda mace ke dafa tuwo a gidan da ba nata ba, ko yadda ta sayar da jar akuyarta ta ƙarshe don haɗa kuɗin fansa, ko yadda maƙwabciya ta raba mata mudun gero biyu.

In ba mu yi hankali ba, abin da ya samu matan Alƙalawa shi zai same mu. Nan da shekara ɗari jikokinmu za su buɗe littafi su samu sunayen gwamnoni da na 'yan bindiga, mu kuwa babu mu. Ga shi kuwa hanya a buɗe take. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kuma kan 'yan gudun hijira yake. Wani amfanin ƙagaggen labari ke nan ga mai zaune inda faɗin suna ke da haɗari: a canza sunan mutum, a canza sunan gari, gaskiyar ta fita ba tare da an jefa kowa cikin bala'i ba.

Sai dai ba a rubutu sai da karatu. Duk marubutan da munka lissafa, sai da sunka sha labaran wasu sannan sunka iya nasu. Saboda haka ga shawara, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Mu samu akwati guda na ƙungiya, duk mai tsohon littafi a ƙasan gado ko cikin adaka ta kawo, ko Magana Jari Ce ne da bangonsa ya cire. A samu mutum biyu ko uku masu karatu su duba, su ware na yara da na manya, a riƙa ba da aro ana rubuta suna kamar yadda muke rubuta zubi. Ranar taro, bayan an gama lissafi, wata ɗiya ta karanta mana shafi biyu ko uku da ƙarfi, yadda iyayenmu da ba su yi boko ba za su ji su kuma sa baki. Yarinyar da makarantarsu ke rufe, wanga karatu zai riƙe mata baƙaƙenta kada su gudu kafin a buɗe.

Sannan kowace ɗiya da ta iya riƙe biro, a saya mata littafin rubutu guda, ta zauna gaban kakarta ko gwaggonta. Ta tambaye ta tatsuniyoyin da ta sani, da waƙoƙin daka da na niƙa, da yadda anka yi yunwar 1973 da ta 1984, da yadda anka baro ƙauye in an baro. Ta rubuta yadda tsohuwar ta faɗa, da Gobirancinta, kada ta gyara mata baki zuwa Hausar Kano. Mazajenmu da samarinmu, ku ma da aikinku: in za a kasuwa a tuna da littafi, kuma in an ga yarinya da takarda a tambaye ta mi ta karanta kafin a ɗaga murya.

Jajin Nana Asma'u da ƙafa take tafiya, ta ratsa daji da gulbi, ta ɗauko karatu a ka ta kawo wa matan garinsu. Su Hajiya Balaraba da kuɗin hannunsu sunka buga littafi lokacin da babu kamfanin da ya kula su. Babu wadda ta jira zaman lafiya ya cika ko gwamnati ta kira ta. Mu ma da abin da ke hannunmu za mu fara.

Allah ya jiƙan waɗanda munka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya maido da na gudun hijira ɗakunansu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ƙara haɗa kanmu. Amin.